Darasi Na Tara: Lasisin Manhaja da 'Yancin Mai Kwamfuta a Gida

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da ake nufi da lasisin manhaja da kuma rubutun tushe;
2. lissafa 'yanci huɗu da manhaja mai 'yanci take ba wa mai amfani da ita;
3. bambance lasisin GPL da lasisi masu sassauci;
4. gwada babbar manhajar Linux daga filash ba tare da ya goge komai a kwamfutarsa ba.

Gabatarwa

Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu na hannu ne, waɗanda suka riga suka yi aiki a wata ƙasa kafin su iso kasuwanninmu. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi laftof, mai shago ya ce a ba shi awa ɗaya ya loda mata manhajoji. Ko da aka dawo an cika ta da Windows da Office da sauransu, amma babu wanda ya ta da maganar lasisi. Sau da yawa abin da aka ɗora kwafi ne da aka fasa wa makulli. Mai kwamfutar bai yi niyyar cin haƙƙin kowa ba. Hanya biyu kawai aka nuna masa: ko ya biya kuɗin da ya fi ƙarfinsa, ko ya yi aiki da kayan sata. Akwai hanya ta uku, halastacciya, wadda masu manhajar da kansu suka rubuta izini suka ce kowa ya ɗauka, ya yi aiki, ya gyara, ya kuma ba wa maƙwabcinsa. Ita za mu koya a wannan darasi.

1. Mene ne lasisin manhaja?

Manhaja ita ce jerin umarnin da kwamfuta take bi. Babbar manhaja kuwa ita ce take tashi da zarar an kunna na'ura, ita ke kula da allo da madannai da rumbun ajiya, a kanta ne kuma sauran ƙananan manhajoji suke zama. Windows babbar manhaja ce, haka macOS ta kamfanin Apple, haka Android ta cikin wayoyinmu.

A wajen doka, wanda ya rubuta manhaja shi ke da ikon kwafa da rabawa da sauyawa, ba wanda zai yi ɗaya daga cikin waɗannan sai da izininsa. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da take karewa, haka kuma abin yake a mafi yawan ƙasashen duniya. Takardar izinin ita ce lasisi. Shi ne dogon rubutun nan da yake fitowa lokacin ɗora manhaja, wanda akan danna amincewa da shi ba a karanta ba.

Lasisin kamfanoni irin su Microsoft da Adobe yakan faɗa ƙarara cewa ba a sayar muku da manhajar ba, izinin amfani da ita kawai aka ba ku. Yakan ƙayyade yawan na'urorin da za a ɗora ta a kai, ya hana kwafa wa wani, ya hana tona cikinta don ganin yadda take aiki. Irin wannan ita muke kira rufaffiyar manhaja. Ke nan kwamfutar taku ce, da guminku kuka saya, amma abin da ke juya ta yana hannun wani.

2. Rubutun tushe

Kowace manhaja tana da siffa biyu. Ta farko ita ce wadda mai tsara manhaja ya rubuta da hannunsa, layi bayan layi, da harshen da duk wanda ya koyi sana'ar zai iya karantawa. Wannan shi ne rubutun tushe. Ta biyu ita ce bayan an juya rubutun ya koma lambobin da na'ura kaɗai take ganewa. Wanda aka ba siffa ta biyu zai iya aiki da manhajar, amma gyara ta ko sanin abin da take yi a ɓoye zai yi masa matuƙar wuya.

Wani abu da ya faru a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, a Amurka, wajen shekarar 1980, yana nuna muhimmancin wannan bambanci. A ɗakin binciken da Richard Stallman yake aiki akwai firinta da mutane da yawa suke aika wa aiki daga ofisoshinsu. Takarda takan maƙale, masu jira ba su sani ba, sai aiki ya taru. Da yake rubutun tushen tsohuwar firintar yana hannunsu, Stallman ya ƙara mata ɗan umarni mai ma'anar cewa idan takarda ta maƙale, a aika saƙo ga duk mai jiran bugu. Wanda ya ga saƙon sai ya tashi ya je ya cire. Da aka kawo sabuwar firinta ta kamfanin Xerox, ita ma tana maƙalewa, amma ba a ba su rubutun tushenta ba. Ya nemi kwafi wajen wani masani da yake da shi, mutumin ya hana, domin ya sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri. Ga matsala, ga mai iya gyara, amma takarda ta ɗaure hannun kowa.

A watan Satumba na 1983 Stallman ya ba da sanarwar aikin GNU, wato gina cikakkiyar babbar manhaja wadda kowa zai sami rubutun tushenta. A 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation domin tallafa wa aikin.

3. 'Yanci huɗu

Gidauniyar ta ce ana kiran manhaja mai 'yanci ne idan lasisinta ya ba mai amfani da ita abubuwa huɗu:

Na ɗaya, 'yancin yin aiki da ita yadda ya so, don kowace irin buƙata: a gida, a shago, a makaranta, a kan kwamfuta ɗaya ko ɗari.

Na biyu, 'yancin nazarin yadda take aiki da sauya ta. Wannan ba ya yiwuwa sai an ba da rubutun tushe.

Na uku, 'yancin kwafa wa wasu.

Na huɗu, 'yancin raba wa jama'a kwafin da ya yi wa gyara, domin kowa ya amfana.

Wani zai ce, ni da ban iya rubuta manhaja ba, ina ruwana da na biyu da na huɗu? Ruwanku a nan shi ne, gyaran da wani ya yi a Indiya ko Jamus ko Kenya yana isowa gare ku. Kuma idan masu manhaja suka daina kula da ita, ko suka ɗauki hanyar da jama'a ba sa so, wasu suna da ikon ɗaukar rubutun su ci gaba. Haka aka yi a 2010, bayan kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun mai kula da OpenOffice. Da yawa daga masu aikin suka ware, suka ɗauki rubutun tushen suka kafa LibreOffice, wadda har yau ake rubuta wasiƙu da lissafin kasuwanci da ita.

A lura cewa babu maganar farashi a cikin huɗun nan. Lasisin bai hana sayarwa ba. Mai gyaran kwamfuta da ya ɗora muku Linux ya karɓi kuɗin aikinsa bai karya doka ba. Kamfanin Red Hat da hidimar kula da Linux ya yi arziki, har IBM ya saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34. Haka kuma ba duk abin da ake saukewa kyauta ne mai 'yanci ba: WhatsApp da Chrome ba a biyan ko kwabo, amma rufaffu ne.

A 1998 wasu masu wannan aiki suka kafa ƙungiyar Open Source Initiative. Su sun fi ba da ƙarfi a kan ingancin aikin da ake yi a fili, suna kiran abin buɗaɗɗiyar manhaja. Hujjojin ɓangarorin biyu sun bambanta, amma mafi yawan lasisin da ɗaya ya amince da su, ɗayan ma ya amince.

4. Lasisi iri biyu

Irin na farko shi ne mai sharaɗin gado, babbansu kuwa shi ne GPL. Siga ta farko ta fito a 1989, ta biyu a 1991, ta uku a 2007. GPL ya ba da 'yancin nan huɗu gaba ɗaya, sannan ya gindaya sharaɗi guda: duk wanda zai raba manhajar ga wasu, ko ya gyara ta ko bai gyara ba, dole ya ba su ita a ƙarƙashin wannan lasisin, ya kuma ba su hanyar samun rubutun tushe. Abin ya yi kama da rijiyar da bawan Allah ya haƙa ya yi waƙafi da ita. Kowa ya ɗebi ruwa, wanda ya so ya yashe ta ko ya ɗaure mata baki da siminti ya yi, amma gyaran da ya yi bai ba shi ikon kewaye ta ya sa ƙofa da kwaɗo ba.

Sharaɗin yana hawa kan mai rabawa ne kawai. Wanda ya sauya manhaja don amfanin kansa a gida ko a ofis, ba wanda zai tilasta masa fitar da gyaransa.

Wannan sharaɗi yana aiki har a kan manyan kamfanoni. A 2003 aka gano cewa rautar intanet ta gida ƙirar WRT54G, ta kamfanin Linksys, da Linux take aiki, alhali ba a fitar da rubutun tushenta ba. Masu haƙƙi suka matsa, kamfanin ya saki rubutun. Daga nan ne a 2004 aka fara aikin OpenWrt, wanda yau yake ba mutane damar sabunta rautoci iri-iri, har da waɗanda kamfanoninsu suka daina kula da su.

Iri na biyu su ne lasisi masu sassauci, irin su MIT da BSD da Apache. Su ma sun ba da 'yancin huɗu, amma babban abin da suke nema shi ne a bar sunan masu haƙƙi da rubutun lasisin a jikin kwafi. Kamfani zai iya ɗaukar irin wannan manhaja ya gina tasa a kai, ya rufe. Shi ya sa ake samun sassan FreeBSD a cikin macOS da kuma na'urar wasa ta PlayStation 4. Ga mai amfani a gida, duka biyun sun halasta masa ɗorawa da kwafa da rabawa. Bambancin yana bayyana ne a kan abin da zai iso hannun na gaba.

5. Yadda Linux ta samu

Zuwa farkon shekarun 1990 aikin GNU ya samar da yawancin sassan babbar manhaja, saura zuciyarta, wato sashen da yake magana kai tsaye da ƙarafan na'ura, yake raba wa kowace manhaja lokaci da wurin aiki. A watan Agusta na 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, mai shekara 21, ya sanar cewa yana rubuta irin wannan sashe. A 1992 ya sa shi a ƙarƙashin GPL. Da aka haɗa zuciyar Linux da kayan GNU sai aka sami cikakkiyar babbar manhaja mai 'yanci, shi ya sa wasu suke kiran ta GNU/Linux.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dubban mutane da kamfanoni suka shigo aikin, kowa ya ƙara nasa, lasisin kuma ya tabbatar da cewa abin da aka ƙara aka raba bai koma aljihun mutum ɗaya ba. Tun daga watan Nuwamba na 2017, dukan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Wayar Android da ke aljihunku ma a kan zuciyar Linux aka gina ta, ko da yake manhajojin Google da ke samanta, irin su Play Store da Gmail, rufaffu ne.

Da yake kowa yana da ikon haɗa tasa, Linux tana zuwa da sunaye da yawa. Uku sun ishe mu a nan. Debian, wadda Ian Murdock ya fara a 1993, 'yan sa-kai ne suke tafiyar da ita. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa, ta fara fitowa a watan Oktoba na 2004, a kan Debian aka gina ta. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, takan fitar da siga mai dogon wa'adi da ake kula da ita shekara biyar, kamar 24.04 ta 2024. Linux Mint kuwa, wadda ta fara a 2006, a kan Ubuntu aka gina ta, kuma tsarin allonta ya yi kusa da wanda mai Windows ya saba, don haka ta fi sauƙi ga sabon shiga.

6. Me ya sa wannan ya shafi gidajenmu?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani tsarin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 11 kuwa tana neman abin tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon nau'in ƙwaƙwalwar kwamfuta, yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗin ba. Irin waɗannan su ne da yawa daga laftof ɗin da ke hannunmu. Lafiyarsu ƙalau, amma idan aka ci gaba da shiga intanet da babbar manhajar da ba a toshe wa ɓaraka, to asusun banki da hotunan iyali suna cikin haɗari. Kwafin da aka fasa wa makulli ya fi wannan muni, domin ba ku san wanda ya fasa ba, ba ku kuma san abin da ya cusa a ciki ba.

Linux Mint tana tashi a kan RAM mai gigabait 2, ta fi sakewa a kan 4, tana kuma neman wurin ajiya gigabait 20. Tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi. VLC na kallon bidiyo, da GIMP na gyaran hoto, da Inkscape na zane, duk ana samun su a ma'ajiyar manhajojinta ba tare da biyan kuɗi ba. A jerin tsarin madannai kuma akwai na Hausa, mai ba da damar rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata. Wanda ya sauke ta sau ɗaya yana da cikakken izinin ɗora wa duk 'yan ajin nan daga filash guda, abin da zai rage wa kowa kuɗin data.

7. Yadda ake gwadawa

Gani ya kori ji. Ana iya tayar da Linux daga filash a yi aiki da ita ba a taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba.

Mataki na 1: A kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa wani wuri dabam. Kada a tsallake wannan ko da gwaji kawai za a yi.

Mataki na 2: A sauke fayil ɗin Linux Mint daga shafinta na asali. Ya kusa gigabait 3, don haka a nemi wurin da intanet yake da ƙarfi.

Mataki na 3: A samo filash mai gigabait 8 wanda babu abin buƙata a ciki, domin duk abin da ke kansa zai goge. A rubuta fayil ɗin a kansa da manhajar Rufus ko balenaEtcher.

Mataki na 4: A kashe kwamfutar, a soka filash, a kunna, nan take a riƙa danna maɓallin zaɓen wurin tashi. A yawancin Dell da Lenovo F12 ne, a HP kuwa F9. Jeri zai fito, sai a zaɓi sunan filash ɗin.

Mataki na 5: Idan allo ya buɗe, a gwada abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A haɗa da intanet. A kunna sauti. A jona firinta a buga shafi guda. A buɗe wata takardar Word da aka saba aiki da ita a ga yadda ta fito. Kwamfutar za ta ɗan yi nauyi, domin daga filash take karantawa.

Mataki na 6: A kashe, a zare filash. Kwamfutar za ta koma yadda take. Wanda ya gamsu yana iya ɗora Linux kusa da Windows, ya riƙa zaɓa duk lokacin kunnawa, ko ya maye gurbin Windows gaba ɗaya. Zaɓi na biyu yana goge komai, don haka a karon farko a yi shi tare da wanda ya sani.

8. Abin da ya kamata a sani tun da wuri

CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Office ba su da sigar da ake ɗorawa a Linux. Wanda abincinsa ya dogara da ɗayansu, ya fara koyon madadinta a kan Windows tukuna, tunda LibreOffice da GIMP da Inkscape duk suna aiki a can. LibreOffice tana buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, saboda haka takardar da za a kai bugu a mayar da ita PDF. Wasu firintoci kuma ba sa aiki sai an sha wuya.

Lasisi masu 'yanci suna faɗa a fili cewa babu garanti. Kasancewar rubutun tushe a buɗe ma bai hana kuskure ba. A 2014 aka gano wata babbar ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a manhajar tsaro ta OpenSSL, bayan ta yi kusan shekara biyu ba a lura ba. Ranar da aka sanar da ita, ranar aka fitar da gyaranta, amma wanda bai sabunta ba gyaran bai amfane shi ba. Don haka a riƙa karɓar sabuntawa a kan kari, a sa kalmar sirri mai ƙarfi, a kuma ɗauki manhajoji daga ma'ajiyar da babbar manhajar ta tanada.

Taƙaitawa

Lasisi shi ne yake faɗin abin da aka halasta muku yi da manhaja. Rufaffiyar manhaja tana ba da izinin amfani kawai. Mai 'yanci tana ba da izinin amfani da nazari da gyara da rabawa. GPL ya wajabta wa mai rabawa ya miƙa wannan 'yanci ga na gaba, lasisi masu sassauci kuwa ba su wajabta ba. Da Linux, magidanci zai iya ci gaba da morar tsohuwar kwamfutarsa cikin tsaro, babu haƙƙin kowa a kansa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin rubutun tushe da siffar manhajar da na'ura take karantawa?
2. Kawo 'yanci huɗu na manhaja mai 'yanci, ka ba da misalin amfanin ɗaya daga cikinsu ga wanda bai iya rubuta manhaja ba.
3. Mai gyara ya ɗora wa wata malama Linux Mint ya karɓi kuɗin aikinsa. Shin ya saɓa wa lasisi? Kawo dalili.
4. Wani kamfani ya gyara manhajar GPL ya sa a na'urar da yake sayarwa. Me ya wajaba a kansa? Da lasisin BSD ne fa?
5. Waɗanne abubuwa huɗu ya kamata a gwada kafin a ɗora Linux?

Aikin Aji

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar. Kowane rukuni ya rubuta sunayen manhajoji biyar da 'yan rukunin suka fi aiki da su a waya ko a kwamfuta, ya binciko lasisin kowace, ya ware masu 'yanci daga rufaffu. Ga kowace rufaffiya, a nemo madadinta mai 'yanci idan akwai. A zama na gaba malami zai zo da filash mai Linux Mint, kowane rukuni ya tayar da ita a kan kwamfuta ɗaya, ya zaɓi tsarin madannai na Hausa, ya rubuta gajeriyar wasiƙa da LibreOffice, ya adana ta a matsayin PDF.